Bangon Gwaji a Tsakar Gidana

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na buɗe wannan kaye na rubutu ne don ba ni da wanda zan faɗa wa. Ƙawata Karima za ta yi mini dariya, Inna kuma za ta ce in yi haƙuri tun ban gama magana ba.

Nazifi (a nan dai zan rubuta sunansa, takarda ba ta kai ƙara) ya ambaci matar nan sau bakwai yau tsakanin la'asar da magariba. Na ƙirga. Madam Mireille ta ce, Madam Mireille ta auna, Madam Mireille ta zana. Wata tara da aurenmu, ban taɓa jin ya kira sunana sau bakwai a wuni ɗaya ba, ko ran da aka kawo ni.

Ita ce injiniyar ginin da suke yi, ɗakin karatu da zauren taro, bene hawa biyu. Shi ne shugaban magina. Ɗiyar nan Dogon Dutsi ce, daga wajen unguwar mishan, ta yi karatu a Yamai da wata ƙasa ta dawo. Ban taɓa ganinta ba. A littattafan da nake karantawa irinsu da dogon takalmi suke zuwa, da turare mai kama ɗaki.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na yi lalle, na sa atamfar Sallah. Ya shigo ya ce ina gwangwanin sukari.

Ba shayi yake so ba. Zazzage ƙwayoyin ya yi a faranti ya shiga jera su, yana barin rami tsakanin kowace biyu, har ya yi ɗan bango mai ƙofofi kamar rariya. Wai haka fuskar ginin za ta zama ta yamma. Bangon gaskiya yana ciki da tagoginsa, sai a yi masa wani a gaba, tsakaninsu kamar tsawon hannu, na jan tubali mai ramuka. Rana ta bugi na waje, iska ta ratsa ta ramukan, na ciki ya zauna a inuwa. Ko wuta ta ɗauke, masu karatu ba za su dahu ba. Ya ce wahalar ita ce bango mai ramuka siriri ne, ga tsawo, dole a zura masa ƙarafa a ɗaure shi da dakalin kowane hawa, in ba haka ba iskar farkon damina ta kwantar da shi.

Ya ɗaga farantin ta wajen rana, inuwar ta zubo mini a zane ɗigo-ɗigo. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma idonsa da ke ƙyalli ba ni yake kallo ba. Lallen ko tambaya bai yi ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ta kira da hantsi yana karyawa. Faransanci suka yi ta yi, ni kuwa nawa ya tsaya a aji uku na kwaleji. Ya yi dariya sau biyu. Me ke cikin siminti na ban dariya?

Laraba, 9 ga Afrilu

Yau an kawo mini ita har gida. Ba ita da kanta ba, bangonta.

Ashe ba a ɗora irin wannan a gini sai an yi na gwaji, an bar shi kwana ashirin da takwas, a jarraba. A shantiye, can wurin ginin, babu fili, ga awakin unguwa, sai ya ce a yi a gidansa. Gidansa. Ba a tambaye ni ba. Suka haƙa a yamma da ɗakina, daidai inda nake shanya, suka gina shi ya fi mutum tsawo, faɗin taku huɗu.

Kwaɓin da aka haɗa tubalan da shi nasa ne, ba nata ba. Jar ƙasa daga wajen Matankari, yashi, siminti kaɗan. Shekara biyu yana gwada shi. Alhaji Sallau, ɗan kwangilar da ya ɗauke shi aiki, bai so ba, ya fi son bulon siminti da gilashi irin na bankuna. Ita ce ta tsaya masa. Da yana ba ni labari sai da muryarsa ta yi laushi a kan “ta tsaya mini”.

Sun lulluɓe bangon da buhunan algarara jiƙaƙƙu kamar jariri.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Gobe za su Yamai, su kai tubala wurin da ake matsa su da inji a ga ƙarfinsu. Su biyu da direba. Kwana biyar.

Ya kama hannuna ya kai ni gaban bangon, ya ce: “Basira, safe da marece, bokiti biyu-biyu. Kar buhun nan shi bushe ko sau ɗaya. In ya bushe a wannan zafi, kwaɓin ya mutu.” Na ce to. Ya maimaita. Na ce na ji, ba kurma ba ce ni.

Bai ce in kula da kaina ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Motar ta tsaya a ƙofar gida da safe. Na leƙa ta kafar ƙyaure, ban ga komai ba sai hannu a tagar gaba, da agogo. Siririn hannu.

Na ɗebo bokitin, na tsaya gaban bangon. Sai na ga kaina: ita tana gaban mota da mijina, iska na kaɗa ta, ni ina nan ina yi wa bangonta wanka. Na juye ruwan a randa.

Da marece zan ba shi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ban ba shi ba. Na gama littafin da Karima ta aro mini, na sake shi daga farko. Matar da ke ciki ba ta yi wa kowa bauta ba, kuma a ƙarshe mijin ya durƙusa yana kuka. Na san ƙarya ce, amma da daɗi.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ya kira. Gaisuwa ɗaya, tambaya ta biyu bango. Na ce lafiyarsa lau. A bayansa na ji muryar mace tana kiran wani abu.

Buhunan sun bushe sun yi tauri kamar ganda. Zafin yau ko ƙadangare bai fito ba. Ƙasa ce fa da tubali. Gidan kakata a Lugu wa ya taɓa ba shi ruwa, ga shi tsaye har yau?

Laraba, 16 ga Afrilu

Da ya kira ya ce sun wuce Dosso na tashi na kwarara wa bangon bokiti takwas. Ya sha kamar raƙumi. Ya iso ya tarar buhuna na ɗiga, ya taɓa, ya ce Allah shi yi mini albarka. Ya ɗauko takardarsa ta aiki ya cike layukan kwanakin nan, an ba da ruwa safe da marece, ya sa hannu a ƙasa.

Ya kawo mini kilishi da littattafai biyu sababbi, masu bangon hoto. Ya ce shi ya zaɓa da kansa, har mai shagon na yi masa dariya.

Kilishin na ajiye shi, ban ci ba.

Talata, 22 ga Afrilu

An cire buhunan. Abin haushi, ɗakina ya yi sanyi da la'asar. Da can bangon yamma kamar tanda yake, ba na iya jingina. Yanzu rana na shigowa ta taga a yayyanke, ƙananan murabba'ai a kan tabarma, suna tafiya a hankali har su hau gado. A cikinsu na yi karatu yau.

Ba zan gaya masa ba, kar ya kai mata.

Laraba, 30 ga Afrilu

Karima ta zo, ta ce in daina cin raina, mace mai yawo cikin ƙura da magina wa zai kalle ta. Na ce ba kallo ne damuwata ba. Ta ce to mi ne ne? Na canza zance. Ina jin abin shi ne, in matar nan ta yi magana yana ajiye cokali.

Laraba, 7 ga Mayu

Ranar gwaji.

Sun zo da hantsi, Alhaji Sallau da magina huɗu da ita. Ina ɗaki ina kallo ta labule. Babu dogon takalmi. Wani ƙaton takalmin maza ne duk ƙura, da hular kwano a kan kallabi. Gajera ce, baƙa, tana da wushirya. Kyakkyawa ce, kuma na so a ce ba haka ba.

Suka ɗaura igiya a tsakiyar bangon, suka ratsa ta kan wani ƙarfe mai ƙafa uku, suna rataya buhunan yashi ɗaya bayan ɗaya, wai nauyin shi ne kamar turin iska. Ya kamata ya ɗauki goma. A na huɗu na ji ƙas. A na biyar kwaɓin ya fara zuba kamar garin gero, tubala uku suka zame, ƙarafan ciki kawai suka hana shi kifewa.

Alhaji ne ya fara magana. Ya ce dama ya faɗa, ƙasar gona ba ta gini, an mai da kwangilarsa wasan ɗiya. Ya ce in da a bene ne wannan ya zubo kan ƴan makaranta, wa za a kama? A koma bulon siminti, kuma zai nemo wani shugaban magina daga Dosso wanda ba ya mafarki. A gaban magina ya faɗa wa Nazifi haka, a tsakar gidansa.

Nazifi ya durƙusa yana murza garin a tafin hannu. Ya ce, kamar da kansa yake: “Ban gane ba. Na gwada shi sau nawa.”

Ita kuwa ta ce a bar bangon yadda yake, kar a taɓa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Bai ci abinci ba. Ya baje takardunsa yana sake lissafin awo, yana cewa ko ƙasar ce aka ɗebo daga wani rami daban, ko simintin ya kwana biyu. Kowa ya zarga, har kansa. Ni kaɗai bai zarga ba.

A littafi in miji ya durƙusa daɗi ake ji. Ba a rubuta yadda wuyansa ke yi ta baya ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Ta dawo ita kaɗai, a kan kabu-kabu, yana shantiye. Ta yi sallama da Hausarmu ta Arewa tsantsa, har da “amarya, ina gajiya”. Na shimfiɗa mata tabarma, ba ta zauna ba. Ta ciro ƙusa daga aljihu ta shiga kartar kwaɓin layi-layi. Ko'ina zuba yake. Har ta kai kusurwar ƙasa ta wajen magudana, inda nake wanke-wanke da alwala. Nan ƙusar ta yi ƙara, ba ta shiga ba. Ta sake gwadawa da ƙarfi. Kamar dutse.

Ta daɗe a tsugune. Ta kalli magudanar, ta kalli randa. Sannan ta ce in taimaka mata da ruwan sha.

Ta shanye kofin, ta ce: “Amarya, kwaɓi ɗaya ne daga sama har ƙasa. Inda ruwan wanke-wankenki ke taɓawa ya kama, sauran ya ƙone. Ba ni son sanin dalili, wannan naku ne. Kwana nawa?”

Na ce ban gane ba. Ta juya kofin a hannunta. Ta ce ran Litinin za ta rubuta rahoto, in ta rubuta kwaɓin ne bai da kyau, aikin shekara biyu na mutum ya tafi, kuma ƙarya ce. In ta rubuta rashin ruwa ne, ga takarda da sa hannunsa tana cewa an ba da, sai a ce shi maƙaryaci ne, wanda ya fi muni a aikinsu. Ta ce gini hawa biyu za a yi, yara za su zauna ƙarƙashinsa, ba ta iya rubuta abin da take tsammani, sai abin da ta sani.

Na ce biyar.

Ban san na faɗa ba sai da na ji shi a kunnena. Na jira ta yi mini irin kallon da ake yi a littafi, daga sama zuwa ƙasa. Ta ciro ɗan kayenta ta rubuta 5, ta tambaya daga wace rana, ta rubuta. Shi ke nan. Wai har ta ji sanyi, don kwana uku tana zargin lissafinta.

A bakin ƙofa ta ce: “Ba daga bakina zai ji ba. Amma Litinin Litinin ce.” Ta bar ƙusar a kan randa, ko mantuwa ta yi.

Na tsane ta yau fiye da kullum. Ko kishina ba ta lura da shi ba. Ko ta lura, bai kai ta rubuta ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na faɗa masa bayan ya dawo daga asuba, kafin in dama kunu, don na san in na ɗora tukunya zan fasa.

Na tsara magana mai tsawo tun jiya, da hawaye a inda ya dace. Ba ta fito ba. Na ce ban ba bangon ruwa ba, kwana biyar, sai ran da zai dawo. Ya ce ruwan famfo ne ya ɗauke? Har a lokacin yana nema mini hanya. Na ce a'a. Ya ce ciwo na yi? Na ce a'a, kun tafi ku biyu ne a mota.

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce: “Da kin zage ni, Basira. Da kin tafi gidanku kwana biyar. Kin bar ni na sa hannu.”

Bai ɗaga murya ba. Ya sa hularsa ya fita, ban san ina ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Ya je wurin Alhaji da kansa. Karima ta ji daga mijinta, wanda ke yi musu walda. Bai ambace ni ba. Ya ce ya sa hannu a kan abin da bai gani da idonsa ba, laifinsa ne, a hukunta shi a kan wannan, amma kar a hukunta ƙasar. Alhaji ya yi ta faɗa har ya gaji. Ita kuwa ta ajiye wa Alhaji gutsuren kusurwar nan a tebur ta ce ya fasa da hannu in zai iya. An ba su gwaji ɗaya tak. In ya faɗi, Nazifi ya tafi.

Da ya faɗi sunana da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 14 ga Mayu

Sun rushe tsohon, sun gina sabo a wuri ɗaya, don gwajin ya zama daidai da na farko. Shi ke ba da ruwa yanzu. Da azahar ma yakan baro shantiye a kan moto ya zo ya taɓa buhunan ya koma. Yana gaishe ni, yana cin tuwona. Bai ce mini “bango” ba ko sau ɗaya, ita ma ya daina kiran sunanta a gidan nan.

Abin da na roƙa ke nan. Gidan ya yi shiru kamar an yi rasuwa.

Asabar, 17 ga Mayu

Ya tafi Matankari duba ramin ƙasa, sai gobe. Na jira ya ce wani magini zai zo ba da ruwa. Bai ce ba. Bai ce ni in ba da ba kuma. Da ya fita na ga ya ajiye bokitin a gindin bango, a kife, ba a inda yake zama ba.

Biyu da safe. Biyu da marece. Da azahar na taɓa na ji gefen sama ya fara shan iska, na hau turmi na ƙara ɗaya.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ya dawo, ya wuce bangon bai taɓa buhun ba. Ya ɗauko takardar aikin ya ajiye a gabana da biro, ya nuna layin jiya da na yau. Ya ce wanda ya ba da ruwa shi ke sa hannu.

Na rubuta biyar a jiya, ba huɗu ba. Ya duba, ya ce na azahar fa wa ya sa ni? Na ce buhun ne. Gefen bakinsa ya motsa, bai dai yi dariya ba.

Talata, 3 ga Yuni

Hadarin farko, da la'asar. Iska ta ɗauke rufin makwabta, ta karya reshen dogonyaro. Na tsaya a ƙofar ɗaki ruwa na dukana ina kallon bangon. Iskar na bi ta ramukan tana fito. Ko motsi.

Laraba, 11 ga Yuni

Buhu goma. Ta ce a ƙara biyu don Alhaji ya yi barci. Goma sha biyu, ko ƙas.

Alhaji ya ce dama shi bai taɓa shakkar ƙasar Arewa ba. Magina suka sunkuyar da kai suna dariya.

Da za ta tafi ta leƙo ta ce amarya, in an buɗe ɗakin karatun in zo, kujerun da ke bayan bangon yamma za su fi sanyi. Na ce in na samu lokaci.

Juma'a, 13 ga Yuni

Ya ambace ta sau huɗu yau. Na ƙirga, ban daina ba. Har yanzu ba na son yadda take sa ya ajiye cokali, kuma wushiryar nan ba ta da wani amfani.

An fara ɗora fuskar ginin, hawa na farko. Na tambaye shi wa ke ba da ruwa a can, ya ce maigadi. Na ce maigadin nan tsoho ne, ba zai kai layin sama ba, a samo masa abin takawa, kuma a duba da azahar. Don kar a sake zubar mana da mutunci ne kawai na faɗa.

Littattafan nan biyu na Yamai, na kai rabin na farko na rasa abin sa alama, sai na sa ƙusar da ta bari. Ɗazu na ciro ta na je na karci kwaɓin, layin sama, inda ba mai gani. Ba ta shiga ba.

Na manta shafin da nake.